Sunaye Biyar da Malama Rifkatu Ta Tafi da Su

Malama Rifkatu ta rasu.

Da safiyar nan labarin ya iske ni, ina tsugune bakin murhu ina jiran ruwan koko. Ɗana Abba ne ya kira daga Kaduna. Ina ganin sunansa a waya gabana ya faɗi, don wanda ya san ni ya san halina: waya ba ta taɓa ƙara da sassafe ban fara lissafa 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya ba. Ya ce kowa lafiya. Sannan ya ce Malama ta cika da asuba a gidan ɗiyarta Saratu, nan bayan tasha.

Nan bayan tasha, cikin Dutsin-Ma ɗin nan. Ko da wannan gwiwar tawa tafiyar ba ta kai rabin awa ba. Amma sai da labarin ya je Kaduna ya juyo kafin ya same ni, saboda ni na ɗauke ƙafata daga gidan.

Tun hantsi nake ganin hotonta yana yawo a waya. Wannan ya ce uwa ce ga kowa, wancan ya ce an yi babban rashi. Na san gidajen da wasunku suka fito, kuma na san abin da aka faɗa a kanta a zaurukan gidajen. Ba zan kama suna ba, don in za a jera masu laifi ni ce a gaba. Abin da ya zaunar da ni rubutun nan ke nan.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Kirista ce daga kudancin Zariya. Ta biyo mijinta da aka kawo aiki asibitin garin nan, tun muna cikin jihar Kaduna, ba a yanke Katsina ba. Ita ce ta koya mini karatu da rubutu. Duk harafin da kuke gani a nan ita ta sa shi a hannuna.

Ina da 'ya'ya huɗu na shiga ajinta. Abin da ya kai ni kwalaben magani ne guda biyu. An ba ni su a asibiti, ɗaya na safe ɗaya na dare, na dawo gida na kasa tuna wanne ne wanne, ga yarinya na zazzaɓi. Na tsaya a soro da kwalabe a hannu ina jiran wani ɗan boko ya wuce. Ranar na roƙi maigidana ya bar ni in shiga yaƙi da jahilci.

Ajin a wani ɗaki yake a gidan mai unguwa, daga azahar zuwa la'asar. Kusan kowa da goyo.

Fensir ɗaya takan yanka biyu da reza don ya ishe mu. Ni kuwa in harafi ya gagare ni sai in kama cizon nawa. Takan tsaya a kaina ta ce, "Asabe, in kin cinye wannan sai dai ki yi rubutu da tsinken tsintsiya." Mu ma ba ma barin ta. Hausarta ta can ce, wani lokaci ta ce wa mace "ka zo", sai aji ya ɗauki dariya, ita ma ta yi, ta ce mu gyara mata baki ita ta gyara mana hannu.

In autata ta hana ni rubutu, sai ta karɓe ta ta goya, ta ci gaba da rubutu a allo da ita a baya.

Ba ta kallon agogo. Akwai wani tsage a daɓen ɗakin, in inuwar ƙofa ta kai shi sai ta rufe littafi ta ce mu tashi, lokacin sallarmu ya yi. A gidanta ma akwai buta da tabarma da ba na kowa ba ne sai namu.

Wannan duk kun sani, shi kuke ta rubutawa. Abin da ban ga kowa ya ambata ba shi ne rakodarta.

Tana da wata baƙar rakoda mai hannu da take sakawa a jakar saƙa. Ranar Asabar da lokacin hutu sai ta shiga motar kasuwa ta tafi wurin tsofaffi, ta ce su ba ta labarin yadda suka tarar ana bauta wa Allah a gidajensu. Ta ɗauki wani tsohon limami a Kuki yana faɗin yadda ake fita roƙon ruwa da riguna a juye, da yadda tsofaffin mata ke bin bayan sahu suna kuka. Ta ɗauki dattawan ɗariƙa. Ta zauna yini guda da wata tsohuwar Bafillatana a bayan Karofi. Ta ɗauki wata 'yar bori da makaɗin garayarta, abin da ko mu ba ma yarda a gan mu kusa da shi. Ta ɗauki nata mutanen Kiristoci, har da wani Bayarabe mai gyaran agogo da ya ba ta labarin lokacin da su 'yan kaɗan ne, suna taruwa ranar Lahadi a shagonsa, a ture teburin aiki gefe.

Tana da ƙa'idar aikinta, kuma ban taɓa ganin ta karya ba. Ba ta danna rakoda sai mutum ya yarda. In an gama sai ta mayar da kaset baya ta sa wa mai maganar ya ji kansa, in akwai abin da ba ya so a goge a gabansa. Daga nan sai ta karya 'yan kunnuwan nan biyu da ke saman kaset, don kada a yi kuskuren ɗaukar wani abu a kai. In ta koma gida ta kwafe maganar cikin littafi. Kuma kowa sai ta gaya masa cewa ajiya ce: ba za ta sa wa wani ba, ba za ta ba wani labarin ba sai da izini, kuma duk ranar da mai abu ko magajinsa ya ce a dawo masa da shi, za ta dawo da shi ba tambaya.

Na taɓa tambayar ta me Kirista za ta yi da muryar limami. Ta ce ubanta shi ne mai kula da wurin bautar ƙauyensu a kan dutse. Da ya shiga coci sai ya rufe bakinsa, su kuma 'ya'yan suka ɗauka wayewa ce kada a tambaye shi. Ya mutu da komai a cikinsa. Ta ce ita ba ta bar addininta ba, ba ta kuma neman kowa ya bar nasa, amma ba ta son wani ɗa ya wayi gari yana da tambaya ba wanda zai yi wa.

Ban san abin da ya buɗe bakina ranar ba. Na gaya mata abin da ban taɓa gaya wa 'ya'yana ba.

Mu asalinmu Maguzawa ne. A wani ɗan ƙauye aka haife ni gaba da Barkiya, ƙasar Kurfi. Ubana ya musulunta da gidansa duka ina yarinya. Da aka kawo ni aure Dutsin-Ma maigidana ya sani, iyayensa sun sani, aka rufe maganar. Inna, mahaifiyata, tana salla tana azumi, amma ita kaɗai ta rage da ta san yadda ake yi a gidan ubanta. Ita ce ke riƙe masa ƙwarya tana ƙarama.

Ni na kai Malama wurinta, da ƙafata. Mun shiga motar kasuwa zuwa Kurfi, muka sami wata ta sauke mu Barkiya, sauran muka taka. Kaka ta yi, gero ya sunkuyar da kai ko'ina.

Inna ta zagaya rakodar tana kallo, ta tambaya ko tana cin tuwo. Malama ta ce batir take ci. Inna ta ce to ta fi mu tsada.

Sai ta zauna gindin rumbu ta fara. Ta ce a gidan ubanta ba mai sa sabon gero a baki, ko yaro, sai an kai wa kan gida nasa. Kan gida shi ne abin da gidan ke bauta wa. A daka gumba da geron farko, a je gindin wata tsamiya a bakin gona, maigida ya zuba, sannan ya kira sunayen waɗanda suka sare dajin suka mai da shi gona, tun daga na farko har zuwa ubansa. Mutum tara. In ya tsallake ɗaya sai a koma farko. Ta ba da labarin shekarar fari, da shekarar da malamai suka fara zuwa ƙauyen, da ranar da ubana ya dawo da sabon suna. Ta yi wata waƙa da ake yi wajen sussuka.

Ni duk a tsorace nake, ina leƙen hanya kada wani ya ji. Inna ta lura. Ta ce, "Zamna, ɗiyata. Ni yanzu salla nike yi, kuma a kanta zan mutu. Amma waɗannan su suka haife ni."

Kaset na gab da ƙarewa Malama ta roƙe ta ta jero sunayen tara a hankali. Ta jero su.

Da aka sa mata ta ji kanta sai ta rufe baki tana dariya, ta ce wannan tsohuwar ta cika surutu. Malama ta karya kunnuwan kaset ɗin, sannan ta miƙo mini shi da biro, ta ce in rubuta sunan mai magana. Na ce ba a faɗin sunan uwa. Ta ce ai ba faɗi za ki yi ba, rubutawa za ki yi. Na karɓa na rubuta TAMBAI. Shi ne abu na farko da na rubuta a duniya wanda ba kwafa na yi daga allo ba.

Bayan damina biyu ko uku Inna ta rasu.

Kaset ɗin a wurin Malama na bar shi, don kada yara su ji. In kewa ta kama ni sai in je gidanta, ta sa mini, ta ja ƙofa ta koma tsakar gida ta ba ni wuri. Na sha kuka a ɗakin nan. Amma duk lokacin da aka zo wurin sunayen sai in danna in tsayar, ina istigfari, kamar jin su ma laifi ne. Shi ya sa huɗu kawai na riƙe, waɗanda suka maƙale mini tun ina yarinya: Nomau, Ranau, Gaude, Bawa. Ban ma san wanne ke bin wanne ba.

Sai zamani ya juya. Waɗanda suka rayu shekarun tamanin sun san abin da nake nufi. Lasifika ta yi yawa, kowa na tone asalin kowa, maƙwabcin da kuke musayar tuwon salla da shinkafar Kirsimeti ya fara gaishe ka daga nesa.

Abba yana makarantar kwana lokacin, a sakandare. Ya dawo hutu ya zama wani mutum, komai muka yi a gida sai ya ce ba haka yake a littafi ba. Ban ƙi ba, karatu yake nema. Amma wata rana yana cin abinci ya ba ƙannensa labarin wani yaro a ajinsu da aka gano kakansa Bamaguje ne. Aka sa masa suna jikan arna, aka daina bari ya ja salla a ɗakin kwana, har ya tattara akwatinsa ya bar makarantar. Abba ya faɗi labarin kansa a sunkuye. Ni ina bakin murhu, na ci gaba da tuƙa tuwona.

A satin nan kuma maganar rakoda ta tashi a gari. Aka ce Malama tana tara asirin Musulmi tana aikawa Turai. Aka ce ana sa kaset ɗin a coci ana dariya. Wata maƙwabciyata ta shigo aron turmi ta ce an ce har da muryar wata tsohuwa daga wajen Barkiya. Ta faɗa tana kallon fuskata.

Na san ƙarya ce. Na fi kowa sanin ƙarya ce, don na ga inda take kulle su, a akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado. Amma ba gaskiya nake nema ba lokacin. Ɗana nake gani da akwati a ka yana fitowa daga ƙofar makaranta.

Cikin azumi ne. Na yafa mayafi da rana tsaka na tafi gidanta. Ta shimfiɗa mini tabarma, na ƙi zama. Na ce kaset ɗin Inna na zo karɓa, da duk abin da ta rubuta.

Ta dube ni ta ce, "Ji za ki yi, ko me za ki yi da shi?"

Na ce ba ruwanta.

Ta ce in tsoro nake ji, za ta ba ni makullin akwatin in riƙe, ko ta kai kaset ɗin garinsu ta ɓoye har yara su girma. Ta ce in yi tunani, Inna ba ta nan balle a sake.

Ga abin da na ce mata, kuma yau zan rubuta shi don kowa ya gani: "Ke baƙuwa ce a garin nan. In ta ɓaci motarki za ki shiga. Mu fa?"

Ta durƙusa ta jawo akwatin. Ta ciro kaset ɗin, ta ɗauko littafin, ta nemo shafukan Inna ta yage su a hankali, tana bin zaren don kada ta taɓa na wani. Ta haɗa ta ba ni da hannu biyu. Ta raka ni har ƙofa ta ce in gaida yara.

Takardun a murhu na sa su.

Kaset ɗin kuwa na kasa jefawa a wuta, saboda rubutuna da ke kai. Sai na yi abin da na ga yaran gida na yi. Na yagi takarda daga littafin ajina, na dunƙule, na toshe ramukan nan biyu da Malama ta karya don kare shi. Na sa shi a rediyon maigidana. Ana tafsiri a gidan rediyo lokacin. Na danna jan maɓallin, na zauna ina kallon kaset na juyawa. Gefe ɗaya ya cika na juya ɗayan. Ina gaya wa kaina lada nake samu, na sa maganar Allah a inda maganar tsafi take.

Uwata nake gogewa, ina zaune ina kallo.

Bai tsaya nan ba. Ni na gaya wa maƙwabciyar nan cewa in ka je ka tambaya Malama na bayarwa, don in wanke kaina. Kafin salla layi ake yi a ƙofarta. 'Ya'yan limamin Kuki suka zo, jikokin wannan suka zo, har mutanen cocinsu suka karɓi nasu, wai kada a ce da su. Ba wanda ta hana. Ban ji wanda ya adana nasa ba. Wasu waƙoƙi suka ɗauka a kai, wasu yara suka zare zaren suna wasa da shi a layi. Mazaje suka janye matansu daga aji, har ajin ya mutu.

Waɗannan gidajen ne yau jikokinsu ke rubuta uwa ce ga kowa.

Ita kuwa ba ta shiga motar ba. Mijinta ya yi ritaya a nan, ya rasu a nan, ta zauna. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba. Da za a yi bikin Abba ta zo da kwanukanta ta yini tana aiki. Da ɗiyata za ta shiga makarantar koyon jinya ita ta zauna da ita suka cike takardu. Wannan kirkin ya fi zagi yi mini ciwo. Shi ya sa na rinƙa rage zuwa.

Bayan shekaru, ranar da muke kwashe kayan maigidana bayan rasuwarsa, na ci karo da kaset ɗin. Na sa shi ni kaɗai. Tafsiri ne tun daga farko, na wani malami da ko sunansa ban riƙe ba. Na bar shi yana ta yi har ƙarshen gefe na biyu. Ashe ranar an rufe karatun kafin kaset ya ƙare, na tsayar. Sai na ji ƙarar maɓalli, sai iska, sai kukan kaza. Sai Inna:

"...su ke nan. Kashe abinki, ɗiyar nan, kada batir ya ƙare."

Abin da ya rage mini na uwata ke nan. Ta gama jero su daidai inda na tsaya.

Haɗuwarmu ta ƙarshe da Malama bayan babbar sallar da ta wuce ne. Ita ta aiko Saratu ta ce tana son ganina. Abba ya zo hutun salla, shi ya kai ni a mota, ya kuma shigo gaisuwa ya zauna. Mutum mai furfura yanzu, mai 'ya'ya a jami'a.

Idonta ya tafi, amma tana jin sallamata ta ce, "Asabe mai cin fensir." Muka yi dariya. Ta tambayi yara da jikoki, kowa da sunansa. Akwatin ƙarfen na nan a kusurwa, barguna ne a ciki yanzu.

Sai ta laluba ta kama hannuna, ta rage murya. Ta ce kaset ta ba ni, takarda ta yage mini, amma ta saurari Inna sau da yawa wajen kwafa, kuma akwai wurin da ba ta iya yagewa. Ta taɓa kanta. Ta ce duka taran suna nan a jere, ba ta taɓa gaya wa kowa ba, kuma ba za ta faɗa ba sai ni na ce ta faɗa.

Na ɗaga ido na dubi Abba. Yana danna waya.

Ina da shekara saba'in da wani abu. Na je Makka. Ba wanda zai kori ɗana daga ko'ina. Amma bakina ya ce, "Malama, yau sauri muke, sai na dawo ni kaɗai."

Ta saki hannuna, ta sake taɓa kanta. Ta ce, "To. Amma ki lura, akwatin ya tsufa."

Na ce bayan sati. Sati ya zama bayan damina. Na sayi sabon littafi da biro na ajiye a jaka don ranar. Suna cikin jakar har yanzu.

Da safen nan da Abba ya gaya mini, kuka ya ƙwace mini, har ya tsorata. Ya ce ya san malamata ce amma in yi haƙuri. Na ce ba ka sani ba. Na gaya masa komai a waya, ruwan koko na ƙonewa a kan wuta: Barkiya, tsamiya, kaset, abin da na yi, da abin da ya sa na yi.

Ya bari na gama. Sannan ya ce, "Hajiya, ai na sani."

Ya ce tun yana firamare, hutun da na kai shi wurin Inna. Kun san wasan jika da kaka, "maigidana" Inna take ce masa. Ta ja shi har gindin tsamiyar, ta ce tunda kai ne maigida zo ka ga inda magabatanka ke tsayawa. Ta gaya masa duka. Ya ce ranar da ya ba da labarin yaron nan a gida, tsoro ne ya kama shi, yana son in ce masa wani abu. Da na yi shiru sai ya ɗauka ni ce ba na son a sani. Shi yana rufa mini asiri, ni ina rufa masa, shekara arba'in.

Na ce ta jero maka sunayen? Ya ce ta jero, amma yaro ne shi, hankalinsa na kan tsamiya. Ya yi ta ƙoƙari a waya. Ya tuno guda ɗaya.

Ranau. Ina da shi cikin huɗuna.

Na kira Saratu na yi mata gaisuwa, kunya ba ta hana ni tambaya ba ko Mama ta bar wata takarda. Ta ce a'a. Ta ce cikin kwanakin nan Mama ta faɗa sau biyu cewa akwai ajiyar Hajiya Asabe a wurinta. Saratu ta roƙe ta ta faɗa mata don ta rubuta ta kawo mini. Mama ta ƙi. Ta ce ba a ba ta izini ba.

Malama, ina jin haushinki yau, kuma ba ni da hakkin ji. Da kin karya ƙa'idarki sau ɗaya. Da kin ɓoye kwafi kin yi mini ƙarya. Da kin faɗa wa ɗiyarki a kunne. Duk garin nan mun karya miki alkawarin maƙwabtaka, ke kin kasa karya ɗaya saboda ni.

To ga izinin, ko da ya zo a makare. Ni Asabe ɗiyar Tambai ce, jikar Maguzawan gaba da Barkiya. Musulma ce ni, uwata ma a kan salla ta mutu. Waɗanda suka haife ta su tara ne. Nomau, Ranau, Gaude, Bawa. Sauran biyar za a binne su da Malama Rifkatu, kuma ni na haƙa ramin.

In an yi la'asar zan tafi gidan gaisuwa. Yau gwiwar za ta kai ni.

Na san akwai masu shirin rubuta mini a ƙasa abin da ya halatta in roƙa mata da abin da bai halatta ba. Ku riƙe. Wanda ya halicce ta ya fi ni da ku sanin ta, kuma a hannunsa take. Ni abin da na shaida shi zan kai gabansa: an ba ta amana ta riƙe har numfashinta na ƙarshe.

Ya Allah, ka ga abin da baiwarka ta yi mana, ba ka manta komai ba. Ka ba Saratu da ƙannenta haƙuri, ka tsare su a garin nan da uwarsu ta ƙi bari. Ka ji ƙan Inna, ka haskaka kabarinta. Ka yafe mini abin da tsoro ya sa na yi.

Ku da kuka karanta har nan, Musulminku da Kiristanku, kowa ya ɗaga hannu yadda aka koya masa a gidansu ya sa iyalanta a addu'a. In kun gama ku sa ni, don ita ta sauke nata kayan, nawa ne ya rage.